Motar da Baban yara ya bari

Maigidana ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Bayan na fita takaba aka zauna rabon gado, malamin da ya yi rabon ya sa aka yi wa motarsa kuɗi, aka haɗa tumunina da wani abu daga kason yara, motar ta faɗo ɗakinmu. Toyota Corolla ce ƙirar 2005, ruwan toka, irin na Amurka da ake shigowa da su ta Kwatano. Yayyensa sun ba da shawarar a sayar a ajiye wa marayu kuɗin. Na ƙi. Ina koyarwa a wata sakandare a nan cikin Katsina, yarana huɗu, iyayena kuma suna Daura, tsufa ya kama su. Na lissafa kuɗin ɗan sahu safe da yamma, na ga gara in koyi tuƙi. Ƙanena ya koya mini a wani fili bayan unguwarmu, cikin wata biyu na fara shiga titin IBB ba gabana yana faɗuwa ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne gyara. Duk shekarun da muka yi da motar nan, ban taɓa sanin wanda ke taɓa ta ba. Baban yara sai dai ya ce, “Zan leƙa wajen yaron nan a yi mata juye,” ya fita ya dawo. Wane yaro, a wane gareji, ban taɓa tambaya ba. Me zai kai ni? Ya tafi da wannan sanin, ni kuma na gaji ƙarfe da makulli kawai. Kuma mu masu motar hannu babu wani kamfani da ya ɗaure mana gindi, babu takardar da za ka kai a gyara maka kyauta. Makaniki ne likitanka, shi ne kuma mai sayar maka da magani.

Makanikina na farko, kusanci ne ya haɗa mu. Garejinsa yana bakin layinmu, idan mota ta ƙi tashi da safe ɗana zai ruga ya kira shi. Matashi ne mai fara'a, bakinsa kamar zuma. “Hajiya, kar ki damu, motar Alhaji ai tamu ce.” Wannan kalmar ita ta saye ni, don a lokacin duk wanda ya ambaci marigayin da alheri ya gama da ni. Ban taɓa tsayawa a garejin ba. Ina jin nauyin a ce ga mace zaune cikin maza da baƙin mai, sai in ba da makulli, da yamma yaronsa ya kawo motar ya faɗi kuɗi, in biya.

Wata rana cikin bazara ya ce mini akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan injin da Turawa ke sawa saboda sanyin ƙasarsu, mu nan ba ya yi mana amfani sai riƙe zafi, gara a cire. Fankar lagireto kuma zai haɗa ta kai tsaye, da an murɗa makulli ta kama, ba sai ta jira injin ya yi zafi ba. Maganar ta shiga kunnena. Wa zai musa cewa Katsina ta fi Amurka zafi? Na ce a yi. Ruwan lagireto kuwa, jan nan da na tarar a ciki, tuni ya zubar ya cika da na famfo, ya ce ruwa ai ruwa ne.

Can kuma, bayan ta kwana biyu a wajensa kan gyaran birki, sai na ji muryarta ta sauya. Da ba ka jin tashinta, yanzu sai wani gurnani daga ƙasa, ga warin hayaƙi idan na tsaya a danja. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai hoton injin ta kunna a gabana ta ƙi mutuwa. Na nuna masa, ya yi dariya. “Hajiya, wannan ai ado ne. Duk motar da ke ƙasar nan da shi take yawo.” Na yarda. Kusan shekara biyu ina yawo da adon nan.

Ranar da asiri ya fara tonuwa ba zan manta ta ba. Azumin 2022 ne, wanda ya faɗo cikin Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40. Aka bugo mini cewa jikin Inna ya tashi. Na kwashi yara biyu muka ɗauki hanyar Daura da azahar, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 ko kusa da haka. Mun wuce Mashi kaɗan, sai ɗana babba ya ce, “Umma, wannan allurar ta kai ja.” Ni ban ma san aikin allurar ba, ta mai kaɗai nake kallo. Na ce bari mu lallaɓa mu ƙarasa wani gari. Wannan lallaɓawar ta minti biyar ita ta jawo mini asarar da na yi wata uku ina biya. Motar ta fara shaƙewa, tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet, ta mutu da kanta a gefen titi.

Na fito da gorar ruwa, na sa hannu zan murɗe murfin lagireto, sai na ji an daka mini tsawa daga bayana. Wani direban Golf ne na haya ya taka birki, fasinjojinsa cike. “Baiwar Allah, ɗauke hannunki! So kike ki saɓule fuskarki?” Ya ce ruwan da ke ciki a matse yake, ya wuce tafasa, da na buɗe da ya yi tsartuwa ya wanke ni. Ya jira ta ɗan huce, ya murɗa makulli, ya leƙa, ya ce fanka ba ta juyawa, ta ƙone. Shi ya samo mana wanda ya ja motar zuwa Katsina, mu kuma ya matsa mana wuri a motarsa har Daura, ya ƙi karɓar ko sisi. Ban san sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Da na dawo, zuciyata ta ƙi komawa bakin layinmu. Wata abokiyar aikina ta ce in daina wasa da 'yan ƙarƙashin bishiya, in kai ta inda aka san aiki. Ta kwatanta mini wani sabon gareji mai katanga da ƙofar ƙarfe, da ofis mai sanyi da kujeru, ma'aikata sanye da kaya iri ɗaya. Gaskiya na ji daɗin wurin, don karon farko na zauna a gareji ba tare da na ji ana kallona ba. Suka jona wata na'ura a ƙarƙashin sitiyari, suka buga mini takarda mai layi kusan goma sha biyar. Hukuncin da ke ƙarshenta: injin ya tashi daga aiki, sai a sayo wani ɗan Beljiyam a ɗora. Kuɗin da suka faɗa ya fi albashina na wata huɗu. Na tambayi wanda ya kawo takardar ko sun buɗe injin sun gani. Ya ce ba sai sun buɗe ba, kwamfuta ta faɗa.

Ba zan ce sun yi niyyar cutata ba. Daga baya na gane cewa a wajen irinsu sauya injin ya fi sauƙi, aikin yini ɗaya ne, kuma ba ya dawo musu da ƙorafi. Amma ni ba ni da kuɗin. Na biya na dubawa, na sa aka ja motar aka ajiye ta a ƙofar gida, ta yi sati uku tana shan ƙura, awaki na kwana a ƙarƙashinta.

Direban makarantarmu ne ya fitar da ni. Dattijo ne da ya shekara talatin yana tuƙin motocin gwamnati. Ya ce, “Malama, in kina neman makaniki, daina kallon garejin. Nemi mai irin motarki da ta tsufa amma tana tafiya lafiya, ki tambaye shi wa ke riƙe masa ita, shekara nawa.” Na ce ko in tambayi direbobin tasha, tunda da mota suke ci? Ya girgiza kai. Ya ce su da yawa gyaran yau suke nema, a ɗaure da waya a yi lodi, gobe ta Allah ce. Ni kuwa mai ɗaukar marayu, gyaran shekara nake buƙata. Na bi shawararsa, na tambayi mutum huɗu masu irin motata, har da wani da na tare a bakin banki ban san shi ba. Biyu daga cikinsu suka kwatanta mini wuri ɗaya, can wajen gari ta hanyar Dutsinma.

Da muka je ni da ƙanena, na kusa juyawa. Babu allo, babu katanga. Inuwar bedi ce, da rami ɗaya, da akwatin ƙarfe na sifanu, da benci, da yara masu koyo huɗu. Amma na lura da abu biyu. Motocin da ke wurin duk Toyota ne da Honda, kuma babu matattun nan da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, waɗanda ke nuna an karɓi aiki an kasa. Muna tsaye wani ya shigo da Peugeot 406. Dattijon, wanda tun ranar nake kira Baba, ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Alhaji, Fijo ba hannuna ba ce. Ka miƙe gaba kaɗan, akwai mai ita, ya fi ni saninta nesa.” Mai motar ya nace, wai ƙaramin abu ne. Baba ya ce ƙaramin abu ne ke zama babba a hannun wanda bai sani ba. Ina ji ina gani ya bar kuɗi suka tafi. A nan hankalina ya fara kwanciya, tun bai taɓa motata ba.

Da aka jawo ta, bai ce mini komai ba sai da ya duba. Ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai, ya kira ni. “Ɗiyata, matso ki gani da idonki.” Cikin murfin ya yi wani kumfa kamar an dama koko da madara. Ya ce ruwa ne ya haɗu da mai, alamar gaskit ɗin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa ya ƙone. Ya ce ba zai iya ce mini injin ya mutu ko yana da rai ba sai ya buɗe, kuma kuɗin buɗewa kaza ne ko an gyara ko ba a gyara ba. In ya tarar gangar jikin ta tsage, to masu ofishin sun yi gaskiya. Wannan ne karon farko da wani makaniki ya ce mini bai sani ba tukuna.

Kwana biyu bayan nan ya aiko in zo. Ya ɗora kan injin a benci, ya aza masa wani miƙaƙƙen ƙarfe kamar rula, ya nuna mini haske na ratsawa ta ƙarƙashi. Zafi ya ɗan lanƙwasa shi, don na alminiyon ne, amma bai tsage ba, za a kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita shi. Sai ya ɗauko wani bututu ya nuna mini cikinsa, duk tsatsa da wani farin dasashi kamar cikin tsohuwar butar shayi. Aikin ruwan famfo ke nan. Sannan ya nuna wani gurbi wayam. “Ina tamostat ɗinki?” Na ba shi labarin Turawa da sanyinsu. Bai yi dariya ba, ya dai yi tsaki. Ya ce ɗan ƙarfen nan ƙofa ce. Yana tsare ruwa har injin ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki da shi, wajen digiri 80 da ɗoriya, sannan ya buɗe. In babu shi, injin na daɗewa a sanyaye, ƙwaƙwalwar mota ta yi ta ƙara masa fetur tana zaton bai gama tashi ba. Fanka kuma an yi ta ne ta kama ta huta. Wadda aka hana hutu shekara da shekaru, dole wata rana ta mutu, kuma ba ta zaɓar wuri.

Sai ya sa aka tura motar kan rami, ya ƙwanƙwasa wani kumburi a jikin salansa da sifana. Ƙarar gwangwani ta tashi. Ya haska fitila ya nuna mini sawun walda. “An cire miki indomi.” Na zaci wasa yake. Ashe haka makanikai ke kiran wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, mai tace gubar hayaƙi, don ya yi kama da taliyar yara kafin a dafa. A jikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake da masu sayensa. A yanka, a zazzage, a mayar da walda, mai mota bai sani ba. Gurnanin nan, da warin, da fitilar da aka ce mini ado ce, duk daga nan suke.

Na zauna a bencin na yi shiru. Na ce, “Baba, wanda ke bakin layinmu ne.” Ya ce, “Kin gani da idonki?” Na ce a'a. Ya ce to in bar shi a zato, ƙila shi ne, ƙila yaronsa ne, ƙila inda ya kai walda ne. In ina da shaida, makanikai na da ƙungiyarsu ta NATA, ana kai ƙara. Ba ni da shaida, ban kai ba. Amma na san a hannun wa motar ta kwana kafin muryarta ta sauya.

Wajen sayen kaya na ƙara ilimi. Ya ce kowane kayan gyara kala uku ne a kasuwa: sabo na asali, sabo na kwaikwayo da kwalinsa ya fi na asalin kyau, da ɗan Beljiyam da aka kwance daga wata motar. Fanka ya ce a sayi 'yar Beljiyam, ta fi sabuwar kwaikwayo ƙarko. Gaskit kuwa ba a sa tsoho, kuma ba a yi masa araha, don in ya sake ƙonewa sai an sake kwance injin gaba ɗaya. Bai samu wanda ya kwanta masa a nan ba, sai ya buga wa wani da ya daɗe yana hulɗa da shi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, aka ba direba saƙo, washegari ya iso. A gabana ya yi wayar, na ji farashin da kunnena, ni na tura kuɗin. Kuɗin aikinsa daban ya faɗa, bai cusa shi cikin na kaya ba. Duka-duka abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin injin ba. Ranar da na karɓi motar, na tarar da buhu a but: tsohon gaskit, ƙonanniyar fanka, tsofaffin filogi. Na ce me zan yi da wannan shara? Ya ce kayana ne, in zubar da hannuna. Har yau haka yake yi, ko ƙusa ya sauya sai na gan ta a leda.

Kada wani ya zaci waliyyi na samu. Baba ba ya cika alkawarin lokaci ko kaɗan. Aikin da ya ce kwana huɗu, sai da ya ci goma sha ɗaya. “Gobe in Allah ya so” ɗinsa na iya zama jibi ko gata, kuma ranar Juma'a ko ranar jana'iza a unguwarsu, kada ma ka wahalar da kanka. Sannan ba ya ga maciji da kwamfuta. In matsalar ta waya ce ko ta ƙwaƙwalwa, sai ya kira wani yaro da ya yi karatun fasaha, mai yawo da 'yar na'urarsa a jaka. Yaron ne ya fahimtar da ni cewa duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da wannan mahaɗi a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar lamba kawai take bayarwa, ta nuna ɓangaren da ke kuka. Gano abin da ya sa shi kukan aikin mutum ne. Su biyun kan yi ta musu a kan motata, ni ina benci ina sauraro, kuma na fi ƙaruwa da musunsu fiye da amsar da suke ba ni a ƙarshe.

Ni ma mun taɓa yin namu musun da shi, a kan baƙin mai. Baba ya tashi a zamanin 504 da ake haɗawa a Kaduna, ya yi imani da mai mai kauri, 20W-50, wai shi ke jure zafinmu. Ni kuwa tun da na fara kallon motata da ido biyu, na ga an rubuta 5W-30 ƙarara a kan murfin man. Na ce, “Baba, kai ka ce mini wanda ya ƙera ta ya fi mu saninta, ranar da ka mayar da tamostat.” Yaran garejin suka sunkuyar da kai suna dariya. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, “Malaman makaranta ba a kayar da ku. Sayo wanda kika ga dama, amma daga gidan mai, a rufe, kada ki kawo mini na kwalba.” Galan mai lita 4 nake saye, a buɗe a gabana, a sauya matatar tare. Ya kuma tuna mini cewa agogon motata mil yake ƙirgawa ba kilomita ba, mil 3,000 shi ne kusan kilomita 5,000, kada in ruɗe. Na sayi ɗan littafi na ajiye a aljihun mota, duk abin da aka yi mata sai na rubuta rana da lambar agogo. Da hunturu, idan ƙura ta sauko, da kaina nake cire matatar iska in duba. Tayoyi ma ya koya mini karanta lambobi huɗun nan na jikinsu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Da na duba nawa, biyu sun girmi autana.

Zaman gareji kuwa na daina jin kunyarsa. Ina zuwa da hijabina da takardun jarrabawar ɗalibai, in zauna a benci ina maki ana aiki. An yi magana a dangi, wata ma ta ce da Baban yara na raye da ba haka ba. Gaskiya ta faɗa. Da yana raye da shi zai zauna.

Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka bi sahu. Abokan aikina da yawa sun jingine motocinsu. Ni ma na rage fita, Daura sau ɗaya a wata maimakon biyu. A lokacin ne Baba ya fara raba mini gyara gida biyu ba tare da na roƙa ba. Birki da taya da ƙafar mota, ya ce waɗannan rai ne, ba sa jira. Sauran, irin na'urar sanyaya ciki da ta mutu da gilashin baya da ya daina sauka, su jira albashi, ko su yi ta jira.

Indomin ma yana cikin masu jira. Mun tambayi kuɗin ɗan Beljiyam sau biyu, duk lokacin sai ya zo daidai da kuɗin makarantar yara. Baba ya ce motar za ta yi tafiya a haka, sai dai hayaƙinta ba mai kyau ba ne, kada in bar ta a kunne cikin gida. Don haka fitilar nan ruwan ɗorawa tana nan a gabana kullum safiya, sai dai duk bayan wata uku ina sa yaron nan ya jona na'urarsa, kada wata sabuwar matsala ta ɓuya a bayan tsohuwar. Idan na fito daga layinmu ta gaban garejin farko nake bi, babu wata hanyar. Mai shi yakan ɗago hannu, “Hajiya, kin guje mu!” Ni ma in ɗaga nawa, in ce masa ya aiki, in wuce.